Asalin Labarun Binciken Laifi, da Yadda Aka Yi Musu Doka

Jama'a, kowa ya san yadda a ke wasan ka-cici-ka-cici da dare. Mai yi ya faɗi tasa, masu ji su yi ta laluben amsa, in sun gaza su ba shi gari, ya ci, sa'an nan ya kwance musu. Amma akwai wata doka cikin wasan wadda ba a taɓa rubuta ta ba, kowane yaro kuwa ya san ta, watau lalle amsar ta zama abin da masu ji suka sani, kuma ta dace da kowace kalma da aka faɗa. In mutum ya ci gari ya kawo amsar da ba a taɓa gani ba a ƙasar, sai yara su ce ya yi zamba, gobe ba mai ba shi gari.

To, Turawa suna da wani irin ƙagaggen labari wanda aka gina bisa wannan doka. A kan buɗe shi da wata ɓarna, galibi kisan kai, a jera mutanen da a ke tuhuma, a kawo wani mai kaifin hankali ya bi diddigi, har a shafin ƙarshe ya nuna mai laifi. Mu kira su labarun binciken laifi. Abin da na ke so in bayyana shi ne inda suka samo asali, da yadda marubutansu suka yi shekara kusan 90 suna ja-in-ja a kan abin da ya halatta marubuci ya ɓoye wa mai karatu, da abin da bai halatta ba.

Bin sawu dai ba Turawa suka fara shi ba. Duk ƙasar da a ke satar dabbobi ba a rasa wanda ya iya duban turɓaya ya faɗi wanda ya taka ta. Littattafan tarihi na Larabawa, kamar na Mas'udi, sun kawo labarin 'ya'yan Nizaru su huɗu, waɗanda suka gamu da mai cigiyar raƙumi a hanyarsu ta zuwa Najran. Suka siffanta masa raƙumin sarai, suka ce mai ido ɗaya ne, kuma ba shi da wutsiya, alhali ba su gan shi ba. Mutumin ya kama su da sata. Da aka je gaban mai hukunci sai suka bayyana, ai ciyawar gefe guda kaɗai ya yi ta ci, kashinsa kuwa tari guda ya zuba, da yana da wutsiya da ta warwatsa shi. Irin wannan labari ya bi ta littattafan Farisanci ya shiga Turai, har Voltaire na Faransa ya sake masa riga cikin littafinsa Zadig a 1747, ya mai da raƙumin doki da karya.

Masu karatun Dare Dubu da Ɗaya kuma za su tuna da labarin tuffa uku. Masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe gaban Halifa Haruna Rashidu aka tarar da gawar wata yarinya an daddatsa. Halifa ya ba waziri Ja'afaru kwana 3 ya kawo wanda ya yi, in ba haka ba a rataye shi. Me waziri ya yi? Ya tafi gida ya zauna. Ran da za a rataye shi mutum biyu suka fito, kowa ya ce shi ne. Aka sake ba shi kwana 3 ya nemo bawan da ya haddasa abin, ya sake komawa gida ya zauna, sai da ya rungumi autarsa yana ban kwana ya ji tuffa a aljihunta, ashe bawan nasa ne. Labari ne mai daɗi, akwai gawa, akwai asiri, akwai wa'adi, amma babu mai bincike. Sa'a ce kawai ta kwance shi.

Mutanen Sin sun fi kusantar abin. A 1247 wani alƙalinsu, Song Ci, ya rubuta littafi don koya wa ma'aikata duban gawa. A ciki ya ba da labarin wani da aka kashe da lauje: mai bincike ya sa mutanen ƙauyen suka jera laujunansu a ƙasa, ba wanda ke da alamar jini, sai ƙudaje suka taru a kan guda. Suna da labarun alƙalai masu hikima da yawa, kamar na Alƙali Di, wanda wani mutumin Holan, Robert van Gulik, ya juya da Turanci a 1949. Sai dai a yawancinsu tun farko a ke faɗin mai laifi, fatalwa ta kan zo ta ba da shaida, kuma da bulala a ke sa mutum ya amsa laifinsa. Inda bulala ke aiki, mai karatu ba shi da abin yi.

Abin da ya haifi labarin irin na yanzu shi ne manyan birane, inda mutum ke kwana bai san maƙwabcinsa ba, da kuma 'yan sandan ciki. Na farkonsu da ya yi suna shi ne Vidocq na Faransa. Shi kansa tsohon ɗan fursuna ne, ya sha tserewa daga kurkuku, sa'an nan ya juya ya zama ɗan rahoton hukuma, har aka ba shi shugabancin 'yan sandan ciki na Paris, ya cika ofishinsa da tsofaffin ɓarayi irinsa. A 1828 aka buga labarin rayuwarsa, rabi gaskiya rabi cika baki, jama'a suka yi rububinsa. Mutanen Ingila ba su so wannan hanya ba. A ganinsu ɗan sandan da ya tuɓe kayan sarki ɗan leƙen asiri ne, al'adar Faransawa. Robert Peel ya kafa 'yan sandan London a 1829, amma a 1833 da aka gane wani saje, William Popay, yana shiga taron ma'aikata da tufafin gida, sai da magana ta kai majalisa, aka kore shi. Sai a 1842 aka yarda aka buɗe sashen bincike a Scotland Yard, mutum 8 tak, ga birni mai mutum wajen miliyan 2.

Abin mamaki, wanda ya rubuta labarin farko ba Bafaranshe ba ne, ba kuma mutumin Ingila ba. Edgar Allan Poe ne, wani matalaucin edita na Amurka, wanda ya karanta Vidocq ya raina wayonsa. A watan Afrilu 1841 ya buga labarin kisan titin Morgue cikin wata mujalla ta Filadelfiya. An kashe wata tsohuwa da 'yarta a ɗakin bene hawa na huɗu a Paris, ƙofa a kulle ta ciki, tagogi a kafe da ƙusa. An cusa gawar 'yar cikin bututun hayaƙi, zinariya ta faran 4,000 kuwa tana nan ba a ɗauka ba. Maƙwabta da suka hau matakala sun ji wata murya, amma Bafaranshe ya ce Sifaniyanci ne, mutumin Ingila ya ce Jamusanci, mutumin Italiya ya ce Rashanci, kowa ya ambaci harshen da bai iya ba. Wani mai zaman kansa, Dupin, ya ce muryar da ba wanda ya tsinci kalma guda a cikinta ba ta mutum ba ce. Ya duba taga ya iske ƙusar ta karye a ciki, kanta kaɗai ke nan kamar tana riƙe. Ashe wani babban biri ne na tsibirin Borniyo, wanda ya kuɓuce wa wani ma'aikacin jirgin ruwa.

Cikin wannan labari da biyun da suka biyo shi, Poe ya aza kusan dukan harsashin: mai bincike wanda ya fi hukuma gani, abokinsa mai matsakaicin hankali wanda ke ba da labarin, ɗan sandan da ya kama marar laifi, da ɗaki a kulle. Ya kuma faɗi asirin sana'ar a 1846, ya ce marubuci ba ya ɗaukar alƙalami sai ya riga ya san ƙarshen labarinsa. Watau daga baya a ke saƙa shi zuwa gaba. Amma ku lura, bai yi wa mai karatu cikakken adalci ba. Dupin ya zare wani gashi daga hannun tsohuwar wanda ba na ɗan Adam ba ne, ya ɓoye, bai nuna mana shi ba sai da ya fara bayani.

Mataki na biyu ba daga kan marubuci ya fito ba, daga wani gida ya fito. Daren 29 ga Yuni 1860 aka ɗauke wani yaro ɗan shekara 3, Saville Kent, daga gadonsa a wani babban gida na ƙauyen Road a Ingila. Da safe aka sami gawarsa a salgar waje, an yanka shi. Duk alama ta nuna na cikin gida ne. Aka aiko Jonathan Whicher, ɗaya daga mutum 8 ɗin nan na farko. Ya ƙirga kayan wanki ya ga rigar barci guda ta Constance, yayar yaron da suke uba ɗaya, mai shekara 16, ta ɓace. Ya kama ta. Kai, sai ƙasa ta ɗauka. Yaya ɗan talaka zai shiga gidan mutanen kirki yana tonon tufafin 'yarsu? Rigar ba ta fito ba, aka saki yarinya, jaridu suka yi masa ca, a 1864 ya bar aiki. A 1865 Constance ta zo da ƙafarta ta ce ita ce. Ta yi shekara 20 a kurkuku, ta rasu a Ostareliya a 1944 tana da shekara 100.

Wilkie Collins ya ɗauki wannan rigar da wannan ɗan sanda ya sa cikin littafinsa The Moonstone a 1868, labarin wani lu'ulu'u da aka kwaso daga Indiya ya ɓace a gidan masu arziki cikin dare. Abin da ya ƙara shi ne ya sa mutanen gidan su ba da labarin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya ga abin da ya gani da idonsa, kamar shaidu gaban alƙali. Da haka mai karatu ya tashi daga ɗan kallo ya zama mai yanke hukunci. Kuma tun daga nan tuhuma ta bar ɓarawon waje ta shiga cikin gida, inda ta fi ciwo.

Sai Arthur Conan Doyle, wani likita a Southsea wanda marasa lafiya ba su damu da zuwa wurinsa ba. A makarantar likita ta Edinbara ya yi karatu wurin Joseph Bell, malamin da kan dubi majinyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun bai buɗe baki ba. Doyle ya ce labarun da ya ke karantawa, mai bincikensu sa'a ke ba shi amsa, shi kuwa zai yi wanda ke bin hanyar Bell. Haka aka haifi Sherlock Holmes da abokinsa Dakta Watson a 1887. Fam 25 aka biya shi, ya sayar da littafin ɗungum. Suna bai zo ba sai 1891, sa'ad da mujallar Strand ta fara buga gajerun labarun wata wata, kowane cikakke ne da kansa, wanda bai sami na watan jiya ba bai yi hasarar kome ba. Nan nauyin ya ke, gama kowane gajeren labari yana bukatar sabuwar dabara irin wadda za ta isa dogon littafi. Doyle ya gaji, a Disamba 1893 ya jefa Holmes cikin magangarar ruwa ta Reichenbach a Suwizalan. Masu karatu ba su yafe ba, masu mujallu kuma suka yi ta ƙara kuɗi, a 1903 ya ta da shi. Kafin ya aje alƙalami a 1927 ya yi dogaye 4 da gajeru 56.

Inda Doyle ya yi daidai ba mai kama shi. Dubi labarin dokin sukuwa da aka sace a 1892: an faɗa mana akwai kare a bargar, an faɗa mana ba wanda ya farka. Kome yana gabanmu, sai mu ne ba mu tambayi abin da ya hana kare haushi ba. Ai ya san ɓarawon ne. Amma a shekarar nan kuma ya buga na macijin da a ke ba madara, a kira shi da fito, ya sauka ta igiya ya koma ta igiya, irinsa kuwa ba shi cikin littafin dabbobi ko ɗaya. Duk ɗan makarantar da aka koya wa cewa maciji ba shi da kunnen waje zai ɗaga hannu. Wannan ita ce amsar da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Duk da haka kada a ɗauka hanyar tasa ta takarda ce kaɗai. A 1907 ya gamu da George Edalji, lauya ɗan wani Ba'indiye, wanda aka ɗaure bisa zargin farke cikin doki da dare. Doyle ya hango shi yana karanta jarida ya kai ta har bakin hancinsa, ya ce mai irin wannan ido ba ya ƙetare gonaki cikin duhu. Ya yi ta rubutu a jaridu, a shekarar aka yi wa Edalji afuwa.

Rigimar da ta sa aka zauna aka rubuta doka kuwa mace ce ta tayar da ita. Agatha Christie ta yi aikin haɗa magani a Torquay lokacin yaƙin 1914, can ta san dafi, a 1920 ta fito da mai bincikenta Poirot, tsohon ɗan sanda na Beljiyam. A 1926 ta buga The Murder of Roger Ackroyd. Wanda bai karanta ba ya gafarce ni, ba yadda za a yi tarihin nan ba a tona wannan ba. An soke wani attajiri a ɗakin karatunsa. Likitan ƙauyen, Dakta Sheppard, shi ke ba da labarin, shi ke bin Poirot kamar yadda Watson ke bin Holmes. A ƙarshe ashe shi ne ya yi kisan. Ya gaya mana an kawo wa attajirin wasiƙa ƙarfe 9 saura minti 20, ya gaya mana ya fita saura minti 10. Abin da ya yi cikin minti 10 ɗin nan ne bai faɗa ba. Ya kuma bar wata na'ura mai maimaita magana a ɗakin, don a ji muryar mamacin bayan ya mutu.

Waɗansu suka ce zamba ce tsagwaronta, gama tun zamanin Poe mai ba da labari shi ne idon mai karatu, in ido ya ci amana me ya rage? Dorothy Sayers, ita ma gwana ce a sana'ar, ta tsaya mata, ta ce aikin mai karatu ne ya tuhumi kowa. Ni dai ina bayan Sayers. Likitan bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ya yi abin da wayayyen mai shaida kan yi ne, ya faɗi gaskiya ya tsaya inda ba a tambaye shi ba. In ka sake karanta littafin za ka ga giɓin a sarari, da agogonsa. Macijin Doyle ya fi wannan ha'inci nesa, ba wanda ya yi masa ƙara.

Bayan wannan ƙura, a 1928 wani Ba'amurke mai rubutu da sunan S. S. Van Dine ya jera dokoki 20. Ya hana soyayya cikin labarin, ya ce lalle a sami gawa, ya ce kada mai laifi ya zama baran gida, don wannan ya yi sauƙi. A 1929 Ronald Knox, wani limamin Kirista na Ingila, ya kawo 10, rabi da gaske rabi da raha. Ba aljani ba tsafi, ba dafin da likitoci ba su sani ba, ƙofar asiri kada ta wuce ɗaya, tagwaye sai an sanar da su tun da wuri, duk abin da mai bincike ya tsinta ya nuna shi nan take. Har ya hana sa mutumin Sin, domin marubutan banza na lokacin sun mai da baƙo mai wata kama abin ɗora wa kowane laifi. Dokarsa ta farko kuwa ta ce a ambaci mai laifi tun farko, amma kada ya zama wanda aka bar mai karatu ya shiga zuciyarsa. Kowa ya san da wa a ke. A 1930 marubutan suka kafa ƙungiya a London, Detection Club, G. K. Chesterton ne shugaba, sabon shiga ya kan yi rantsuwa ba zai dogara ga sa'a ko wahayi ba. Christie tana cikinsu. A 1934 ta buga na jirgin ƙasa wanda mutum 12 suka taru suka kashe mutum ɗaya, a 1957 kuma aka naɗa ta shugabar ƙungiyar, ta riƙe har ta rasu a 1976.

A Amurka kuwa waɗansu sun ce wasan duka na masu ƙoshi ne. Dashiell Hammett ya yi wa kamfanin bincike na Pinkerton aiki da kansa, ya san ba a kisan kai don a ba wani ka-cici-ka-cici. Labarunsa, irin su Red Harvest na 1929, na garuruwa ne inda ɗan sanda da attajiri da ɗan ta'adda ke ci a akushi ɗaya, mai bincike ya kan sha duka kafin ya sami gaskiya, in ya samu ma ba ta gyara kome. Raymond Chandler ya bi sawunsa, a 1944 ya rubuta maƙala ya yi kaca-kaca da labarun Ingila, ya ce ba ɗan sandan gaske da zai yi sakarcin da a ke sa na cikinsu su yi. Yana da gaskiya a nan. Amma shi ma da masu yin sinima suka ɗauki littafinsa The Big Sleep suka buga masa waya suna tambaya wa ya kashe direban nan da aka tsamo daga teku, sai ya duba ya ce shi ma bai sani ba.

Shari'ar Dakta Sheppard kuwa ba ta mutu da waɗanda suka fara ta ba. A 1945 Edmund Wilson, babban mai sharhin littattafai na Amurka, ya sa sunan Ackroyd a kan maƙalarsa don ya nuna duk abin ɓata lokaci ne. A 1998 wani malamin jami'a na Faransa, Pierre Bayard, ya rubuta littafi guda cur yana cewa Poirot ne ya yi kuskure: in mai ba da labari ya iya ɓoye minti 10, me zai hana shi ɓoye sauran? A lissafinsa 'yar'uwar likitan, Caroline, ita ce ta yi kisan, likitan ya ɗauki laifin don ya rufa mata asiri. A 2013 kuma ƙungiyar marubutan labarun laifi ta Ingila ta jefa ƙuri'a a kan littafin da ya fi kowane cikin irinsa, wannan na 1926 ɗin shi ya ci.